Hitar kwami ta ƙi tashi, an ce bod ne: wa ya san mai gyara a Akra?

Awudu Nungua: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Gidan da nake kula wa da kwamin ninƙaya a Nungua akwai hita irin mai kwamfireso da fanka, wadda ke zuƙo zafi daga iska ta ba ruwa. Tun daren da aka yi ruwa da tsawa, aka ɗauke wuta janareto ya karɓa, ba ta sake aiki daidai ba. In an kunna, gilashin yakan kawo haske ya nuna zafin ruwa, bayan 'yan mintoci sai ka ji ƙas, ya mutu, ya sake tashi daga farko. Wani lokaci kuma ya tsaya a kan wata lamba yana ƙiftawa. An kira mai gyara, ya buɗe murfi ya leƙa, ya ce bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, ya ƙone, sai an yi odar sabo daga Caina. Hajiyar gidan ta matsu, don mahaifiyarta ce ke shiga ruwan saboda ciwon gwiwa, kuma likita ruwa mai ɗumi ya ce. Ga shi mun shiga Yuli, rana ba ta fitowa sosai, ruwan ya yi sanyi. Wa ya san inda ake samun irin wannan bod, ko wanda ke gyara shi?

Masta Iliyasu Nima: Wa alaikumus salam Awudu. Kafin maganar saye, mai gyaran nan ya fito da mita kuwa, ko ido kawai ya sa? In ido ne, to ba a fara bincike ba tukuna. Bod ɗin da ya ƙone ƙurmus ba ya kawo haske, ba ya nuna zafin ruwa, balle ya ba ka lamba. Wanda ke ba da lamba yana raye, ƙara yake kawowa. Aikinsa ya saurari suwici da sansoshin auna zafi da ke jikin injin, duk wanda ya ce akwai matsala sai ya hana kwamfireso tashi. Mu masu aikin firji da na'urar sanyaya ɗaki kullum wannan muke gani, kuma hitar nan taku aikinta ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki, sai dai zafin da waccan ke zubarwa waje shi wannan ke ba ruwa. Turo hoton farantin da ke gefen injin inda aka rubuta bolt da amfiya, da hoton lambar, da na zanen wayoyi da ake mannawa a bayan murfi.

Awudu Nungua: Bai fito da mita ba Masta. Ga hotunan nan. Farantin ya ce 220–240V, 50Hz, layi ɗaya.

Hajiya Rabi Aboabo: Sannunku da aiki. Ni ba mai gyara ba ce, masauki nake gudanarwa a Kumasi, amma ɗana Awudu ka fara duba ruwa kafin wuta. Tamu ta taɓa tsayawa, har an kawo mana farashin bod, ashe yashin filta ne ya toshe, ruwa ba ya wucewa da ƙarfi, injin ya ƙi tashi don kare kansa. Aka wanke filta, aka kwashe ganyen da ke kwandon famfo, ta tashi a take. Ba ko sisi.

Masta Iliyasu Nima: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma daga nan ake farawa don ba ya cin kuɗi. Akwai ɗan suwici a bututun da ruwa ke shiga hita, mai harshe a ciki, gudun ruwa ne ke tura shi. In ruwa ya yi rauni harshen ba ya motsi, bod ya ɗauka famfo a kashe yake. Awudu, duba gejin filta, in allurar ta hau sama da inda ta saba tsayawa bayan wanki, juya bawul ka wanke yashin. Duba kuma bawul ɗin baifas, wanda ke barin ruwa ya kewaye hitar. Masu shara sukan taɓa shi ba su sani ba, ruwa duka ya bi ta kewaye, hita ta zauna da ƙishi.

Amma alamu biyu ka kawo mana. Lamba mai ƙiftawa daban, gilashi ya mutu ya sake tashi daban. Rashin ruwa na iya kawo ta farko, ba ya kawo ta biyu. Kada mu yi mamaki in cuta biyu ce.

Fuseini Madina: Ni dai da ni ne, suwicin ruwan zan yi wa dairek da guntun waya. In ta tashi shi ke nan, tsohuwa ta samu ruwanta.

Malam Tanko Sabon Zongo: Fuseini, dairek na gwaji ne, na minti ɗaya, kana tsaye a wurin, famfo na gudu, sannan ka cire wayar ka sa a aljihu. Barinsa a jiki kuwa ban yarda ba ko kaɗan. Ranar da famfo ya tsaya hita na aiki, zafin ba shi da wurin zuwa, ƙarfin gas ya hau, bututun roba ya yi laushi ya lanƙwashe, kwamfireso ya wahala. Kuma wannan ruwa ne da mutum ke shiga da jikinsa, tsohuwa ma. Duk abin da aka sa don kariya a wurin nan ba a tsallake shi.

Fuseini Madina: Na ji Malam, gwajin nake nufi.

Zakari Zongo Lane: Salamu alaikum. Aikina ke nan, bod na talabijin, inbata, injin wanki da makamantansu. Abin da ya ja hankalina shi ne Awudu ya ce bayan 'yan mintoci ne yake jin ƙas. Awudu, riƙe agogo ka ƙirga. In wajen minti 3 ne, to ba haka kawai ba ne. Injinan nan ana sa musu jinkirin minti 3 kafin kwamfireso ya tashi, don ƙarfin gas ya daidaita. Ƙas ɗin nan rile ne, ɗan suwicin lantarki da ke kan bod, ya ja, wato bod ya gama dubawa, ya gamsu, ya ba da izini. Daidai lokacin ne wuta ke kuɓuce masa ya faɗi.

Abu biyu ke kawo haka. Ko dai wutar da ke shigowa ce ke durƙushewa lokacin da kwamfireso ya nemi tashi, saboda raunin layi, ko waya da ta saki a wurin ɗauri, ko babbar kafasitar kwamfireso ta mutu yana ta gurnani yana jan wuta. Ko kuma wutar cikin bod ɗin ce ta yi rauni. Bod ba ya amfani da 230 kai tsaye. Ƙaramar tiransifoma ce ke sauke ta zuwa wajen bolt 12, a mayar da ita wuta mai tafiya hanya ɗaya, kafasita ta riƙe ta, daga nan rile ke sha. Sai wani abu mai ƙafa uku, yawanci an rubuta 7805 a jikinsa, ya fitar da bolt 5 ga ƙwaƙwalwar bod ɗin. Shi 7805 sai an ba shi wajen bolt 7 ko sama kafin ya iya fitar da 5. In kafasitar nan ta bushe, muddin babu nauyi komai lafiya, gilashi na haske. Da rile ya ja sai 12 ta faɗi ƙasa, 5 ta bi ta, ƙwaƙwalwa ta mutu ta farfaɗo, ta sake ƙirga minti 3. Haka za ta yi ta zagaye har gari ya waye.

Raba su ba wuya. A ɗora mita a bakin wayar shigowa a jira ƙas ɗin. In 230 ta faɗi warwas, matsalar tana waje. In ta tsaya cak amma gilashi ya mutu, tana cikin bod, kuma irin wadda ake gyarawa ce.

Awudu Nungua: Na ƙirga Yaya Zakari, minti 3 ne daidai. Filta na wanke ta, baifas yana inda aka saba. Amma ni ruwa da magani na sani, ban iya sa mita a wuta ba.

Malam Tanko Sabon Zongo: To kada ka sa. Ba abin kunya ba ne. Wurin jiƙe yake, kuma kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe bireka. Injinan zamani masu inbata sun fi haɗari, akwai sama da bolt 300 a manyan kafasitocinsu, sai an jira sun sauke an kuma tabbatar da mita kafin hannu ya shiga. A samu wanda ya iya.

Memuna Teshie: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Sashen gyara nake a wani otal a bakin teku, hita biyu irin wannan muke da su. Na duba hoton zanen, naku ba mai inbata ba ne, kwantakta ce, wato babban suwicin da rile ke ja, ke ta da kwamfireso, don haka aikin da sauƙi. Teshie da Nungua ba nisa, in na tashi aiki gobe zan biyo da mitata, in Hajiyar gidan ta amince. Kafin nan Yaya Awudu, nemo littafin injin. Kada kowa ya fassara maka lambar nan da ka, don kowane kamfani da nasa tsarin, lambar da ke nufin rashin ruwa a wani injin tana iya nufin sansa a wani. In littafin ya ɓata, sau da yawa jerin lambobin yana nan a jikin murfi ta ciki.

Awudu Nungua: Allah ya saka da alheri 'yar'uwa. Hajiyar gidan ta ce bismilla. Littafin yana nan, ya ce lambar tana nufin zafin ruwan da ke fita ya wuce kima.

Memuna Teshie: Ruwan da kake cewa ya yi sanyi? To ga zaren. Ba ruwan ne ya yi zafi ba, wani ne ke gaya wa bod ƙarya.

Hajiya Rabi Aboabo: Tunda ana jiran gobe, bari in sako tawa. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai sa mini hita mai aiki da gas a kwantena, ta hannu ce amma mai kyau, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ya ce ta fi saurin ɗumama ruwa. Me kuka gani?

Isaka Bronx: Hajiya ina gaisuwa. Aikin da nake yi ke nan a nan Amurka lokacin zafi, buɗe kwami da gyaran hita. Maganar sauri gaskiya ce, mai gas cikin awoyi take ɗaga zafin ruwa, mai kwamfireso kuwa a hankali take yi, babban kwami sai ya ɗauki kwanaki. Amma a duba abu uku kafin ta shiga kwantena.

Wutar nan 60Hz ce, ta gida 50Hz. Tiransifomar da aka yi don 60 kaɗai, in ta sha 50 takan yi zafi fiye da kima, fanka kuma ta rage gudu, kuma fankar ce ke ba wutar iska. A karanta farantin, in bai ambaci 50 ba ni ban ba da shawara ba. Mai kwamfireso ma haka, na 60 a kan 50 gudunsa kashi biyar cikin shida ne kawai. Sannan gas ɗin. A nan iri biyu ake sayarwa, mai gas na bututun gari da mai gas na tukunya, kuma ramukan da gas ke fita ba girmansu ɗaya ba. In aka ɗaura ta bututu a kan tukunya sai ta yi ta baƙin hayaƙi, ta toshe kanta, ta fitar da iskar da ke kashe mutum ba ya ji ba ya gani. Na ukun shi ne kayan gyara, komai ƙanƙantarsa sai an aiko daga nan.

Kuma tunda maganar bod ake yi, a masu gas ma haka abin yake, bod ne ke shan zargi. Na kamfanin Hayward in ya rubuta LO, ɗaya daga cikin suwicin kariya ne a buɗe, galibi na ƙarfin ruwa. IF wuta ce ta ƙi kamawa, SF sansar zafi ce. Na Pentair yakan rubuta ERR PS in ruwa ne, ERR HLS in zafi ya wuce iyaka, ERR AFS in iska ce, har da ƙananan fitilu a bayan bod ɗin masu nuna wanda ya buɗe. Duk waɗannan ba bod ba ne. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce wuta ta kama, ta yi daƙiƙa kaɗan ta mutu, a sake har sau uku injin ya kulle. Bod yana gane akwai harshen wuta ne ta wata 'yar mitsitsiyar wutar lantarki da ke bi ta cikin harshen ta koma ta jikin ƙarfe. In sandar ta yi datti, ko wayar ƙasa ta yi tsatsa, ba ya jin komai, sai ya rufe gas. Goge sanda da ɗaure wayar ƙasa sun ta da injina da yawa da aka riga aka yanke wa hukunci.

Hajiya Rabi Aboabo: Na gode ɗana. Zan tura masa ya karanta farantin tukuna. In 60 ce kaɗai, ya bar ta can.

Memuna Teshie: Jama'a na je na dawo, ga abin da na samu.

Wutar shigowa 228, kuma lokacin da rile ya ja ba ta motsa ba, kwantakta ma ba ta kai ga kamawa ba gilashi ya mutu. Fis lafiya. Babbar kafasitar kwamfireso na auna ta, tana kan adadin da aka rubuta. Suwicin ruwa yana rufewa in famfo na gudu, yana buɗewa in an kashe. Wutar cikin bod kuwa kamar yadda Yaya Zakari ya faɗa, tana zaune a wajen 12, da rile ya ja ta zube ƙasa da 7. Kafasitar da ke kusa da tiransifoma, mai 1000µF 25V, kanta ya kumbura.

Sai sansa. Na cire filoginsu daga bod na auna kowacce, wuta a kashe. Ruwan kwamin digiri 26 ne a ma'aunin hannu. Sansar shiga ta ba ni wajen kilo-om 9.6, wato irin mai 10 ce kuma lafiyarta ƙalau, don mai 10 a digiri 25 take ba da 10 daidai, a 30 ta sauka wajen 8, a 20 ta hau wajen 12. Zafi na hawa, adadin na sauka. Sansar fita kuwa 3 ta ba ni, in na motsa wayar ta yi tsalle ta koma 9, ta sake faɗowa. Kilo-om 3 a wurin bod ruwa ne da ya haura digiri 50, dole ya tsayar da komai. Robar wayar ta tsage daidai inda ta shiga bututu, ruwan sama ya samu hanya. Shi ya sa wani lokaci lamba, wani lokaci mutuwa da tashi. Masta ya faɗa tun farko, cuta biyu ce.

Abin da ya fi damuna ba waɗannan ba ne. Ƙafafun filogi duk sun yi kore, bayan bod ɗin ma ya fara. Kuma a rumfar da injin yake, nan ake ajiye bokitan kulorin da jarkar asid, taku biyu tsakaninsu. Fankar injin iskar wurin take zuƙa. Na kuma fitar da busasshiyar tsaka daga akwatin wayoyi.

Masta Iliyasu Nima: Madalla da Memuna, Allah ya yi albarka. Wannan shi ne aiki. Ku lura da abin da zai faru da an yi odar bod daga Caina: a jira makonni, a ɗaura, mutuwa da tashi ta daina, amma lambar nan ta dawo ranar farko, don sansar tana nan da cutarta. Sai a ce sabon ma jabu ne.

Maganar rumfa kuwa, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kowa tsawa da ɗauke wuta yake zargi, alhali iskar teku ta Nungua da tururin kulorin sun daɗe suna cin ƙarfen. Awudu, kwashe magungunan nan yau, a kai su wani ɗaki mai iska, kuma kulorin da asid kada su zauna kusa da juna, haɗuwarsu tana ba da iska mai guba.

Alhaji Seidu Fadama: Ni ina da ja a kan gyaran. Kayan lantarki nake shigowa da su shekara da shekaru. Bod ɗin da tsatsa ta fara ci, yau ka canza kafasita, wata uku wani wuri ya buɗe. Gidan mutane ne, ba shagonka ba, duk dawowar matsala sunan Awudu ne ke ɓaci. A sa sabo a huta. In za a yi oda, a turo lambar da aka buga a jikin bod ɗin kansa, ba sunan injin kaɗai ba, da hotonsa gaba da baya, don inji ɗaya yakan fito da bod iri biyu ko uku gwargwadon shekarar ƙira. A kuma tambaya ko gilashin yana tafiya da shi, wani sabon bod ba ya magana da tsohon gilashi.

Zakari Zongo Lane: Baba Alhaji, maganarka tana kan hanya, amma ya danganta da inda tsatsar ta kai. Na ƙara girman hoton da Memuna ta turo. Koren yana kan ƙafafun filogi da dalmar gefe, bai shiga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ba, layukan tagulla ba su yanke ba. Irin wannan ana wanke shi da sifirit mai tsabta da buroshi, a busar, a sabunta dalmar rile da ta filogi, a fesa masa varnish ɗin bod ya rufe shi daga iska. Wanda ba na karɓa shi ne wanda ƙwaƙwalwar ta mutu, don shirin da ke cikinta na kamfani ne, ba a sayar da shi a kasuwa, ko wanda wuta ta ci har allon ya zama gawayi, don gawayi da kansa yana wuce da wuta. Wannan bai kai can ba.

Shawarata a yi duka biyun. A gyara wannan yanzu tsohuwa ta samu ruwa, a yi odar sabo ba gaggawa, in ya zo a ajiye. Kafasita a sa mai adadi ɗaya, 1000µF, bolt 25 ko 35, kuma mai 105°C ba mai 85 ba, don akwatin nan zafi yake yi da rana. A kula da ƙafar da ke da layi, in an juya ta fashewa take yi. Zan canza har da baristo, shuɗin nan mai ƙafa biyu da ke kusa da fis, galibi an rubuta 471 a jikinsa. Shi ke shanye wutar da ta yi tsalle, kuma kowane duka yana rage masa ƙarfi ko bai nuna a ido ba. A ganina kafasitar ta daɗe tana bushewa, daren tsawar ƙarasa ta kawai ya yi.

Alhaji Seidu Fadama: In za a yi odar ajiya, na yarda. Abin da ba na so shi ne a dogara da gyara kaɗai.

Fuseini Madina: Tambaya Masta. Bod ɗin nan na gama-gari da ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki, mai zuwa da rimot, yana cike a kasuwa kuma da araha. Ba zai yi ba?

Masta Iliyasu Nima: Ba zai yi ba Fuseini. Shi iskar ɗaki ya sani, ba shi da wurin ɗaura suwicin ruwa, yawancinsu ba su da na ƙarfin gas ma. Zai ta da kwamfireso ko da ruwa ko babu.

Fuseini Madina: To in tsohon inji ne, kamfanin ya daina yin bod ɗin fa? Na ga an yi wa wani da ƙaramar na'urar auna zafi irin ta ɗakin sanyi, yana aiki.

Masta Iliyasu Nima: Wannan dabam ne, kuma ana yi, in injin ba mai inbata ba ne. Amma da sharaɗi. Wayar da ke zuwa kwantakta sai ta bi ta suwicin ruwa, ta bi ta na ƙarfin gas na sama da na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, yadda kowanne ya buɗe komai zai tsaya, a kuma sa jinkirin minti 3. A duba ma ko suwicin ruwan zai iya ɗaukar wutar, don wasu na ƙaramar wuta ne, sai an sa rile a tsakani. Abin da ke sauƙaƙa mana a Akra shi ne sanyinmu bai kai ya sa ƙanƙara ta kama injin ba, don haka ba a buƙatar tsarin narkar da ita da ake yi don Turai. Amma hanya ce ta ƙarshe, ba ta injin da bod ɗinsa ke gyaruwa ba.

Malam Tanko Sabon Zongo: Saura ɓangarena. Memuna, kin ga na'urar kariya a allon wutar rumfar?

Memuna Teshie: Bireka ce kawai Malam, sai mai yanke wuta in ta zurara. Na danna maɓallin gwajinta, ta faɗi.

Malam Tanko Sabon Zongo: Alhamdu lillahi da wannan, a tabbata mai 30mA ce, kuma a riƙa danna maɓallin nan lokaci-lokaci. Amma ita mutum take karewa, ba ta kare bod. Awudu, gaya wa Hajiya a ƙara abu biyu. Na farko mai lura da hawa da saukar wuta, wanda ke yankewa in ta fita daga iyaka, ya kuma jira kafin ya mayar. Ni nakan saita ƙasa a wajen 200, sama a wajen 250, jinkiri minti 3 zuwa 5. Tun zamanin dumso, wato yawan ɗauke wuta a Gana, na 2015 muka ga amfaninsa, don ba ɗaukewar ce ke kashe kaya ba, dawowar ce, da kuma lokacin da janareto ke karɓa bai gama daidaita ba. Ya fi muhimmanci a gidan da layi uku ke shiga, don in wayar nutiral ta saki, kayan layi ɗaya na iya shan wuta har kusan 400. Na biyu mai shanye tsallen tsawa, a babban allon gida, amma shi ba ya aiki sai wayar ƙasa tana da kyau, don haka a auna sandar ƙasan, a bakin teku tsatsa na cinye ta. Duka biyun ana samu a shagunan kayan wuta na Opera Square a nan Akra. Wanda zai ɗaura a nemi mai shaidar Hukumar Makamashi, dokar wayarin ta 2011 ta tanadi haka, a ce ya nuna katinsa.

Hajiya Rabi Aboabo: Malam, mu na Kumasi fa? Tamu ma ba ta da ko ɗaya.

Malam Tanko Sabon Zongo: Akwai a shagunan kayan wuta na Adum Hajiya. A duba amfiyar da ke farantin hitarku, a sayi wanda ya fi ta da rata, ko a sa shi ya riƙa jan kwantakta maimakon wutar ta bi ta cikinsa.

Memuna Teshie: Ƙari kaɗan Yaya Awudu, na bayan gyara. In ta tashi, duba zafin shiga da na fita a gilashi, bambancin ya zama wajen digiri 2. In ya fi haka da yawa ruwa ya yi kaɗan, rage baifas. Kada ka riƙa jefa ƙwayar kulorin a kwandon da ke bakin kwami, don ruwan nan mai ƙarfi ta cikin hita zai bi, maganin bayan hita ake sa shi. Ramukan da wayoyi ke shiga akwati a toshe su saboda tsaka da tururuwa. Kuma a samo abin rufe kwamin da dare, yawancin zafin ta saman ruwa yake tafiya, injin zai huta.

Awudu Nungua: Na kwashe magungunan, na kai su ɗakin baya, kowanne kusurwarsa. Hajiya ta amince da gyara da odar ajiya da na'urorin Malam. Allah ya saka wa kowa. Yaya Zakari, yaushe zan kawo?

Zakari Zongo Lane: Kawo gobe da safe kafin kasuwar Makola ta cika. Memuna ta riga ta ɗauki hoton filogi, amma duk da haka a manna wa kowace waya takarda da lamba kafin a zare, don na sansoshi kamarsu ɗaya, in aka musanya shiga da fita wata sabuwar lamba za ta fito. Nannaɗe bod ɗin a takarda ka sa a kwali, kada ka jefa shi a leda tare da makullai. Taho da tiransifomar da gilashin, ina so in gwada shi da nauyi a kan tebur kafin ya bar shago. Sansar ma taho da duka biyun, mai lafiya da marar lafiya. Masu 5 da masu 10 a ido iri ɗaya ne, har masu 10 ɗin ba duka ke tafiya daidai ba in ruwa ya yi ɗumi, don haka za mu tsoma sabuwar da tsohuwar a kofi ɗaya na ruwan ɗumi mu ga adadinsu ya zo ɗaya kafin ka biya.